Ƙwayoyin da Na Riƙa Aika wa Baba

Ina yi wa mai kula da wannan fili da masu karatu sallama. Ku yi mini haƙuri, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A lokacin da abin nan ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ina koyar da 'yan aji biyar, mace mai baki da ji da kai, wadda ta yarda cewa in dai abu a rubuce yake to babu mai gaya mata shi. Aurena ya mutu bayan shekara huɗu ba haihuwa, na kama ɗaki ciki da falo a gidan haya, daga ni sai rediyo sai tulin littattafan yara da nake gyarawa da jan biro. In na dawo daga aiki na turo ƙofa, to sai gobe. Abokan aikina suna tsokanata wai ko kaza ce za ta shiga wurina sai ta yi sallama sau uku, ni kuwa in ce musu gara haka da gidan da kowa ke shiga da takalmi. Ina faɗa ina dariya, amma Allah ya sani kaɗaici yana cina.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye bayan Ɗan Kassari, ni ce kuma ɗiyarsa ta fari. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni mun yi hira ba, in na shigo tsakar gida sai ya sami abin da zai gyara a gindin rumbu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar ana yi. Da na kama aiki sai ya sami sauƙi, ya koma ce mini Malama. Inna ma tana kunyata, amma ita ta san hanyoyinta, ko ta aiko magana ta bakin wani ko ta yi kamar da tukunya take. Da Allah ya yi mata rasuwa sai gidan ya zama wayam. Ƙanena ɗaya tilo yana Agadas wurin nema, sai shekara ta zagayo ake ganinsa. An yi an yi Baba ya ƙara aure ya ƙi. Sai Gwaggo, yayarsa, tsohuwa da ke gidan da ke jikin namu, ita ke aiko masa tuwo da magariba.

Abin ya fara ne daga haƙorina. Ya kumbura, na je asibiti aka cire, aka rubuta mini ibuprofen, aka ce in sha bayan na ci abinci, kwana biyar in daina. Na sha na kwana uku na warke, sauran na jefa a jaka. Da Sallar layya na je gida, kwana ɗaya tal na yi niyyar yi. Da safe na ga Baba zai tashi daga kan buzunsa, sai da ya dafa ƙasa, ya dafa bango, ya tsaya yana cije leɓe kafin gwiwoyinsa su yarda. Da ya lura ina kallo sai ya yi kamar takalminsa yake nema. Ban ce masa komai ba, don ba mu saba ba. Da zan tafi na aje sauran ƙwayoyin a bakin ƙofar ɗakinsa, na gaya wa bango cewa ga maganin ciwon jiki nan in akwai mai so. Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara, na ga lambarsa, gabana ya faɗi don Baba ba ya kira sai da dalili. Ashe albarka ya kira ya sa mini. Ya ce maganin Malama ya yi aiki, ya yi sallar asuba a tsaye, Allah ya yi wa Malama albarka. Wallahi da ya kashe wayar sai da na zauna a bakin gado na yi kuka. Shekarata talatin da wani abu, ban taɓa jin ya yabi abin da ya fito daga hannuna da bakinsa ba.

Daga nan na kama. Akwai wani ɗan kabu-kabu, magidanci ɗan ƙauyenmu da ke shigowa gari duk ranar kasuwa. Sai in sayi sukari da ganyen shayi da goro, in tura kwalin magani a tsakiya, in ɗaure baƙar leda in ba shi ya kai. Shi bai san abin da ke ciki ba, Gwaggo ma sukari da goro kawai take gani, don Baba yakan cire nasa kafin ya aika mata rabonta. Duk mako biyu sai ya kira. Gaisuwa, sai labarin ruwa ko rashinsa, sai ya ce gwiwa fa ta motsa, sai mu yi shiru mu biyu muna jin numfashin juna, sai ya ce to madalla ya kashe. Ni kuwa da na ji gwiwa sai in ce a raina saƙo ya ƙare, in nufi farmasi. Ban taɓa tambayarsa guda nawa yake sha ba, ko da me yake sha, ko yaushe. Yaya ma zan yi in tambaya? Tsakanina da shi ba a taɓa yin magana mai tsawon haka ba.

Kada wani ya ce aiki ne ya riƙe ni, don ƙarya ce. Damana ta faɗi, an rufe lakwal, hutun wata uku ne a gabana. Kuɗin mota bai gagare ni ba, tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Abin da ya hana ni zuwa bakin matan ƙauye ne. Da na sauka za a fara, yaushe za mu sha biki, ko boko ne ya hana, ko wance da aka sake ku tare ga ta da goyo. Ni kuma ba na iya haɗiye magana, sai na mayar, a yi ta jin haushina. Sai na tara 'yan yara a zauren gidan hayarmu ina yi musu darasin hutu, na gaya wa kaina ai ina da uzuri. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, ni da kaina na sha rubuta wa yara wannan a allo, amma na zaɓi saƙon.

Sau ɗaya mai sayar da magani a farmasin ya tsayar da ni. Ya ce ya lura ina yawan sayen wannan, wa ke sha, kuma ya ga likita kuwa? Ya ce ba magani ba ne na a yi ta sha wata da watanni. Maimakon in gode masa sai raina ya ɓaci, na ga kamar yana so ya koya mini karatu a gaban mutane. Na ce masa nawa ne, na san abin da nake yi, in ba zai sayar ba ya faɗa. Bawan Allah ya ce to in dai kula in riƙa ci kafin in sha. Daga ranar na canza farmasi. Kuma a cikin kowane kwali akwai 'yar takarda a naɗe, da Faransancin da nake ci da shi, ban taɓa warware ko ɗaya ba. Ni da nake jan kunnen yaro in ya amsa tambaya bai karanta ta ba.

Ana cikin noman farko Baba ya ce maganin ya fara raina shi, ba ya jin sa kamar da. Na yi zancen a gaban wata abokiyar aiki, ta ce ai akwai wanda ya fi shi ƙarfi, diklofenak, shi mijinta ke sha in bayansa ya riƙe. Na saya na tura a leda. A nufina ya bar na farko ya koma wannan. Amma wa na gaya wa? Ban kira ba, ban rubuta ba, ko da na rubuta Baba ba ya karanta boko. Ya buɗe leda ya ga sabon magani daga hannun Malama, ga kuma sauran na da, launinsu daban, girmansu daban. Sai ya ɗauka wannan na gwiwa ne, wancan na baya, ya riƙa haɗa su.

Ga abin da ya fi ci mini rai, don a gidan na girma, na san shi kamar tafin hannuna. A wurinmu manomi ba ya karya kumallo kafin ya fita. Daga masallaci sai ya saɓa hauya ya nufi gona da sanyin safiya, sai hantsi ya ɗaga matar gida ta bi shi da ƙwaryar fura. Shekara arba'in Inna na yin haka, ni kaina na sha ɗaukar ƙwaryar a kaina ina bin bayanta. Inna ta rasu, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke kai wa Baba fura ba. Babu kowa. Gwaggo ƙafa ta ƙare mata, shi kuma ba mutumin da zai buɗe baki ya ce yana jin yunwa ba ne. Sai ya watsa ƙwayoyi biyu, wani lokaci uku, ya bi da ruwan buta, ya ɓare goro ya sa a baki, ya yini a rana yana zufa. In azahar ta yi ciwo ya dawo ya ƙara. Abincin kirki sai tuwon magariba. Ga azumin Litinin da Alhamis da ya riƙe tun rasuwar Inna, a irin ranakun ma da ƙwaya da shayi yake sahur. Duk wannan daga baya na haɗa shi, daga bakin Gwaggo da maƙwabcin gonarsa, lokacin da saninsa ba ya da sauran amfani.

Alamu sun zo, ni ce ban duba ba. Muryarsa a waya ta yi ƙasa, na ce gajiyar damana ce. Wata rana Gwaggo ta sa aka kira mata ni, ta ce ƙanenta fa ya yi fari fat, tafin hannunsa kamar an wanke, ƙafafunsa sun kumbura, tuwon ma sai ya taɓa ya bari yana riƙe ciki. Ta ce ita dai tana zargin doguwar da ke gindin gawon gonarsa, don tun kakanninmu an san wurin ba ya son a yini a cikinsa, ta sa an karɓo masa turare da rubutu. Na yi tsaki a raina, na ce tsofaffi da iskokinsu. Na ce mata kada ta damu, zan aiko magani. Kuma na aika. Ita da ba ta yi boko ba ta ga ciwo da idonta ta rasa sunansa, ni da na yi bokon na ƙara masa wuta. Akwai kuma abin da Baba ya gani shi kaɗai bai gaya wa kowa ba sai likita a ƙarshe, bayan gidansa ya koma baƙi wuluk kusan mako biyu. Wa zai gaya wa? Yayarsa, ko ɗiyarsa ta fari?

Ranar wata Laraba da hantsi, ana cikin maimai, wato noma na biyu, ina tsaye ina koya wa yara lissafi a zaure, maƙwabcin gonarsa ya kira. Ya ce ya hango Baba ya durƙusa tsakanin kunyoyi, ya ɗauka salla yake, da ya ga abin ya yi tsawo ya je ya tarar ya yi aman jini, baƙi-baƙi kamar dusar shayi. Sun ɗora shi a amalanken jaki zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa, can aka sa masa ruwa aka ce a wuce da shi gari. Ban san yadda na sallami yaran ba. Na riga motar da ta ɗauko shi isa asibiti, na tsaya a bakin ƙofa da alli a hannuna. Da aka sauko da shi ban gane shi ba sai da hularsa. Ya buɗe ido ya gan ni, sai ya jawo bakin rigarsa yana ƙoƙarin rufe inda jini ya ɓata.

Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka gwada nawa ya dace, aka ɗiba aka ƙara masa. Da ya ɗan dawo hayyacinsa likita ya zo ya zauna kusa da shi, yana tambayarsa a hankali ko yana shan wani magani. Baba ya sa hannu a aljihu ya fiddo su, duka kala biyun, a ƙulle cikin tsumma mai tsabta. Likita ya juya su a hannunsa, ya tambayi tun yaushe, da sau nawa a yini, da ko yana ci kafin ya sha. Baba ya amsa duka da gaskiya. Sai likita ya ce wa ya ba shi. Ina tsaye a ƙafar gadon, na buɗe baki zan yi magana. Baba bai ko dubi inda nake ba. Ya ce shi ya saya da kansa a kasuwa, wurin masu tallan magani a tire, babu wanda ya sani. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ni kuma, mai bakin da ba ya haɗiye magana, na rufe bakina na yi shiru.

A waje likitan ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa 'yar da ba ta da laifi. Ya ce maganin ba guba ba ne, yana da amfani in an sha shi yadda ya kamata, kaɗan, bayan abinci, na 'yan kwanaki. Amma shi da na biyun dangi ɗaya ne, haɗa su ninka haɗari ne ba ninka sauƙi ba. Ya ce suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya yi ta zubar da jini a ɓoye, suna kuma wahalar da ƙoda, balle ga tsoho mai yini a rana ba ci ba sha. Ya ce gwaji ya nuna ƙodojin Baba sun riga sun taɓu sosai, kuma da alama yana da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba. Yana magana yana girgiza kai yana cewa da ma tsohon yana da mai karanta masa takardar da ke ciki. Da ya tafi na zauna a kan dakali, na laluba jakata, akwai sabon kwali da na saya don saƙon ranar kasuwa. Na warware takardar a karo na farko. Duk abin da likitan ya faɗa yana nan a rubuce, layi bayan layi, har da baƙin bayan gida.

Kwana huɗu muka yi. A kwana huɗun nan na zauna kusa da Baba fiye da duk zaman da na yi da shi a rayuwata. Fitsari ya ɗauke masa, jikinsa ya ƙara kumbura, ana shirin in ya ɗan yi ƙarfi a wuce da shi babban asibitin Dosso. A rana ta uku da la'asar, ɗakin ba kowa, na durƙusa a gefen gadon na ce Baba ya yafe mini, ni na jawo. Ya juya fuskarsa wajen bango kamar yadda ya saba. Can ya ce maganin Malama ya taimake shi, ba don shi ba da bai gama noman farko ba, kuma kwana in ya ƙare ko ruwan sanyi sai ya zama sanadi. Ya tambaya ko an ce hatsin gonar ya fara fidda kai. Sannan ya ce tun safe bai ga Malama ta sa komai a bakinta ba, ta tashi ta je ta ci wani abu, ba kyau mutum ya yini da yunwa. Washegari da hantsi ya cika.

Ƙanena ya iso bayan an yi jana'iza. Da ya ji abin da aka ce ya faru sai ya haukace, yana kuka yana tsine wa masu tallan magani, har sai da dattawa suka riƙe shi don ya rantse ranar kasuwa zai je ya kifar da tiren duk wanda ya gani. Ya zo ya zauna kusa da ni ya ce ni kaɗai ce na kula da Baba, shi ya tafi neman duniya, ni ce ba na fashin aike. Mata suna ta sa mini albarka, wai ɗiya ta gari, ko jininta sai da ta ba shi. Kowace albarka sai in ji ta kamar mari. Na karɓa na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Yau shekara uku ke nan. Ina nan a ɗakina, ina zuwa aiki ina dawowa, sai dai wayata ba ta ƙara yin irin wannan ƙarar ta mako biyu ba. Na san rai na Allah ne, ban kuma yi jayayya da ƙaddara ba, amma na san abin da hannuna ya ɗaure a leda. Don haka nake roƙon duk mai karanta wannan, musamman mu da muka yi boko muka bar tsofaffi a ƙauye. Maganin da aka rubuta maka, kai aka rubuta wa, kada ka miƙa wa wani don ya yi maka aiki. Irin waɗannan ƙwayoyi na ciwon jiki ba a shan su da wofin ciki, ba a haɗa biyu, ba a mayar da su goro. Ciwon da ya wuce 'yan kwanaki yana dawowa, likita yake nema, ba sabon kwali ba. Tsoho, da mai gyambon ciki, da mai hawan jini ko ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su taɓa sai da izinin ma'aikacin lafiya. In kun ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko kumburin ƙafa, ko mutum ya yi fari, a daina sha a nufi asibiti a ranar. In kuma mai farmasi ya tambaye ku wa zai sha, don Allah ku gaya masa gaskiya. Sannan ku je da ƙafarku ku ga abin da iyayenku ke ci, da wanda ke kai musu. Kunya ado ce, amma in ta kai inda uba ba zai iya gaya wa ɗiyarsa yana zubar da jini ba, ɗiya kuma ba za ta iya tambayar ubanta ya karya kumallo ba, to wani a cikinsu ya daure ya fara magana.

Saura mutum ɗaya. Ƙanena yakan karanta wannan fili in jaridar ta faɗo hannunsa, kuma na san in ya kai nan ya riga ya gane gidanmu. Ƙanena, sau uku ina kiranka don in faɗa, sai in ɓuge da tambayar lafiyar yara. Ka daina tsine wa masu tire, Baba bai taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya a hannunsu ba. Ni ce na aika masa.